Maliki da Ba a Kiran Sunansa

Maliki taubashina ne, ɗan kawuna Malam Hodi na Gulma, don haka ina da izinin tona shi ko yana so ko ba ya so. Manomin albasa ne, gajere mai faɗin kafaɗa, wanda fara'a ba ta dame shi ba. Yana tsakiyar sakandare ƙafar kawu ta fara ciwo, aka ce ya dawo fadama tunda shi ne babba, ya dawo bai yi musu ba. Shi ke ban-ruwa, shi ke kai buhuna kasuwar Argungu, shi ya haɗa famfon nan mai aiki da hasken rana da maƙwabta ke zuwa kallo. Amma a gidansu ba shi da suna. Kunyar ɗan fari ce irin tamu: kawu da Inna Kulu ba sa ambatonsa, ba sa yaba masa a gaban mutane. "Kai" ne, ko "wancan".

Ƙanensa Abbas kuwa auta ne, ɗan lele. Ya gama jami'a, ya gama hidimar ƙasa, sai ya ce zai zauna wata jarabawa mai suna GRE, ta Turanci da lissafi, wadda ake nema kafin a ɗauki mutum digiri na biyu a ƙasar waje. Ya tare a gidana a unguwar Nassarawa saboda Birnin Kebbi ta fi Gulma wuta da sabis. Kullum yana gaban kwamfuta, agogo a gefe, yana tseren amsa tambayoyi, yana haddar kalmomin da na tabbata Turawan ma ba sa sayen tumatir da su. Kawu bai san kan jarabawar ba, amma bakinsa bai huta ba. A masallaci Abbas, wurin suna Abbas, ko akuya ce ta ɓata sai ya sako Abbas.

Duk mako Maliki ke kawo wa ɗalibin shinkafa da busasshen kifi bisa umarnin kawu. Ya dire buhu, ya tsaya bakin ƙofa yana hararar kwamfutar kamar ta ci masa shuka.

Nakan ce masa, "Taubashi, sassauta. Hassada ga mai rabo taki ce."

"Ni? Mi za ni yi da Turancin da ba ya hidda ko albasa guda?"

Ƙarya yake. Kishi na cin sa, ni kuma ina jin daɗin tsokana.

Da jarabawa ta matso wuta ta yi mana yaji, sai kawu ya ce a cire faifan hasken rana daga famfo a kawo wa Abbas ya riƙa caji. Albasa na tsakiyar shan ruwa a lokacin. Maliki ya kwance shi da hannunsa, ya ɗauro a babur har gidana. Na zuba masa tuwo, ko kallonsa bai yi ba.

Ya ce, "Hamida, ba tahiyatai ad damuwata ba. Shi tai Amurka, shi tai bangon duniya. Albasar ma ta bushe in ta so. Jiya tun azahar har la'asar Baba na hwaɗin Abbas, Abbas. Ni ko ga hurhura ta hito min, ban san yadda sunana yake ba cikin bakinai."

Tausayinsa ya kama ni, haushin kawu ya biyo baya.

Ranar da Abbas zai tafi Abuja zana jarabawar muka taru a Gulma don addu'a. Kawu ya dafa kansa, ya yi ta sa masa albarka da suna, muna amsawa da amin. Da ya gama, bai ko juya ba ya ce, "Kai, a kai shi tasha."

Maliki ya tayar da babur. Can gefe 'yarsa ta fari, budurwa mai shirin gama sakandare, tana riƙe da jakar Abbas. Ita ma tun haihuwarta bai taɓa kiran sunanta ba. Ya dube ta, sai ya kashe injin.

"Nazifa!"

Yarinyar ta waiga bayanta, ta zaci wata ake kira.

"Ke nika kira. Nazifa, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka. Kawo jikkar."

Inna Kulu ta kama baki, mata suka hau salati. Maliki bai kula su ba. Idonsa na kan mahaifinsa, yana jira. Na ga leɓen kawu ya motsa. Sai tsohon ya sunkuyar da kai ya gyara sandarsa.

"Kai, yi hanzari, kar mota ta tashi ta bar Abbas."