Yatsa Ɗaya Babu Lalle

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah ce, bayan la'asar, shekarar da nake aji biyar. Gidanmu da ke hawa na uku a unguwar Madain Fahd ta birnin Jidda ya cika da ƙamshin lalle da lemon tsami, tsohon mukayyif ɗinmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ta gurnani yana ɗiga ruwa a bokiti. Umma mai ƙunshi ce, a irin wannan rana kuwa matan unguwa har kan matakala suke layi. Ta aike ni da ƙanwata Sumayya mu kai kwanon kwaɓaɓɓen lalle saman bene ya tsumu. Hawa ɗaya ne tak. A tsakiyarsa Sumayya ta tsuguna, ta rungume gwiwoyinta, tana haki kamar wadda ta yo gudu tun daga unguwar Sharafiyya mai nisa. Na kama hannunta na ɗaga ta, yadda aka saba umartata. Ta miƙe, ta dube ni, sai ta sulale. Kwanon ya kife, lallen ya bi matakala yana gangara.

Shekarunta shida a lokacin, kuma tun da ta fara tafiya take wannan tsugunno. In muka zana ɗakuna da alli a saman bene muna tsallen birbir da ƙafa ɗaya, ɗaki biyu take yi ta tsuguna. In aka aike mu sayen burodin tamis da waken ful da safe, a ƙofar kanti take tsugunawa. A makaranta ma, ana tsakiyar layin safe, sai a neme ta a gan ta a ƙasa. Sitti, kakarmu, ta ɗauki abin a matsayin rashin tarbiyya. "Ɗiya mace ba ta tsugunno a gaban mutane, Maryam, tashe ta." Ni kuwa ɗaliba ce mai biyayya, wadda ba ta taɓa barin aikin gida ya kwana ba. Na riƙe wannan aiki shekara huɗu, ban yi fashi ba ko sau ɗaya.

Kowa a gidan yana da nasa bayani, kuma kowa ya gamsu da nasa. Abba ya ce zafin Jidda ne. Sitti ta ce akwai masu zama a ƙarƙashin matakala da ba a gani. Matan da ke zuwa ƙunshi suka ce shagwaɓar auta ce. Asibiti ba wurin zuwanmu ba ne, domin iƙamar Abba, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, ta fi daɗewa a hannun kafili, uban gidan da ya tsaya masa, fiye da aljihunsa, shi ya sa yake shakkar duk ƙofar da ake tambayar takarda. Mura da zazzaɓi a kantin magani muke kashe su.

Sai maganar farce. Tun bayan yaye Umma ta lura farcen Sumayya sun yi duhu, kan yatsun sun kumbura sun zagaye. Wata rana wata baƙuwa ta riƙe hannun ta tambaya, a gaban mutane, me ya sami yarinyar. Umma, wadda da gyaran hannun 'ya'yan wasu take ciyar da mu, ba ta iya jure wannan tambaya ba. Daga ranar, duk bayan mako biyu take ƙunsa wa Sumayya jan lalle, hannu da ƙafa, har kan farce. Sumayya tana son abin. Takan baza yatsu a gabana ta ce, "Ke fa ba a yi miki sai da Sallah."

A cikin matan da ke layi a ranar jajibirin nan akwai Khala Zara, 'yar Chadi, mai shara a sashen yara na wani asibiti. Ba ta yi salati da ƙarfi kamar sauran ba. Ta ɗauki Sumayya, ta naɗe mata gwiwoyi zuwa ƙirji, wato ta mayar da ita yadda na same ta, sannan ta buɗe leɓenta ta duba ciki.

"Ya Ummu Maryam, wannan zuciya ce. Halas, ya isa, a bar ƙunshin, a kira babansu."

Abba ya kai ta a ranar, da takardun da yake da su. Likitan ya ɗauki hannunta zai duba farce, ya tarar da lalle. Ya cire mata takalmi, nan ma lalle. Ya tambayi Umma tun yaushe ake yi mata, Umma ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba, kuma ina jin da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya bayyana cewa da ciwon aka haife ta, jininta ba ya samun isasshiyar iska, kuma aikin da take buƙata tun tana ƙarama ake so a yi shi. Tsugunnon kuwa, in ji shi, dabara ce da jikinta ya gano da kansa don numfashi ya dawo. Ina tsaye a bayan Abba na ji wannan. Ban taɓa fahimtar darasi da sauri haka ba.

Aka sa ranar aiki bayan Hajji. A watannin nan, in ta tsuguna, nakan tsuguna kusa da ita, ko a tsakiyar titi ne, Sitti kuma ta daina magana. Lallen ya yi ta janyewa zuwa bakin farce, launin da yake rufewa yana fitowa. Saura mako biyu ranar aikin ta zo, Sumayya ta rasu da hantsi, a cinyar Umma.

Yanzu ni malama ce, kuma duk Alhamis nakan je in yi wa iyaye mata 'yan Nijar da Chadi tafinta a wajen likitan zuciyar yara. Takardun wayar da kai suna cewa yaro yakan koma shuɗi, sai uwa ta dubi baƙin ɗanta ta ce nata lafiya lau. Nakan ce musu a fatarmu sai an duba harshe da cikin leɓe da farce, kuma jaririn da ke gajiya yana zufa a kan nono, ko yaron da ke yawan tsugunno, likita yake buƙata. Yaran da aka kawo da wuri ina ganin su suna tsere a baranda, nakan tsaya ina kallo fiye da yadda ya kamata.

Umma ta tsufa, ta bar sana'a, jikoki kawai take yi wa ƙunshi. Kowace Sallah sai sun yi mata ƙorafi cewa ta manta yatsa ɗaya. Ba ta taɓa mantawa ba.