Rumfar da Barewa Ta Gane

Ranar da aka cire wa Baba bandejin ido, likita ya ɗaga yatsu ya tambaye shi nawa yake gani. Baba ya faɗa daidai, sannan ya juyo ya ƙare mini kallo ya ce, "Uwata, ashe kin yi ƙiba." Sunan mahaifiyarsa ne da ni, shi ya sa yake kirana haka, kuma shi ya sa yake faɗa mini duk abin da ya zo bakinsa. Na yi dariya har da hawaye. Da muka fito na sa maigidana ya bi da mu ta unguwar Ulaya da ke tsakiyar Riyadh, don sabon idon ya fara da dogayen benayen gilashi. Baba ya leƙa ta taga ya ce masha Allah sau ɗaya, ba yabo ba fallasa, ya gyara zama ya ce, "To, yaushe za mu je wurin barewar?"

Ni na jawo wa kaina. Baba maharbi ne tun yana saurayi, kamar ubansa. Dajin garinmu ya koma gonaki da gidaje, barewa ta ɓace kafin ƙarfinsa ya ƙare, daga baya kuma yanar ido ta rufe masa gani. Ni kuwa aikin nas ya kawo ni Riyadh, muna zaune a unguwar Al-Naseem. Wata abokiyar aikina, Balarabiya, mahaifinta yana da gonar dabino can bayan gari, kusa da dajin da hukuma ta killace ta saki barewa a ciki. Ba a harbinsu, ko dutse ba a jifansu da shi. Lokacin sanyi sukan zo shan ruwa a kwamin raƙuma da ke ƙarshen gonar. Akwai wata rumfar ganyen dabino a gindin bishiyar ƙaya, a nan muke zama da ƙawata mu kalle su. Wata rana na ɗauki hoto na tura gida. Ƙanena ya ce Baba ya kai wayar har kan hancinsa, ya juya ta, ya mayar masa ya ce shi hazo kawai yake gani. A ranar na kira shi na ce in ya yarda ya zo a gyara idon, ni da kaina zan kai shi ya ga barewa. Da wannan alkawarin aka samu ya hau jirgi, bayan an sha fama da shi.

Sai da likita ya ba da izini, Baba ya samu baƙin tabarau ya maƙala, muka kama hanya wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Dattijon mai gona ya tare mu tun daga ƙofa. Gajere ne mai farin gemu, shi ma a da mafarauci ne, da shaho da karnuka. Aka kawo gahawa da dabino, sannan aka kawo kaskon turaren wuta. Al'adarsu ce, baƙo mai daraja sai an turara shi. Dattijon da kansa ya riƙe kaskon, ya cusa shi ƙarƙashin babbar rigar Baba, ya kaɗa masa hayaƙin a gemu. Baba yana murmushi yana godiya, ta gefen baki kuma yana ce mini, "Wannan bawan Allah wurin nama zai kai mu ko ɗaurin aure?" Na yi kamar ban ji ba, don ni ma na sha humrata tun daga gida. 'Yar Arewa ce ni, ba na zuwa gidan mutane ina warin asibiti.

Muka zauna a rumfa daga la'asar har rana ta yi ja. Ko ɓera bai gitta ba.

A hanyar komawa mota aka fara musun, ni ce tafinta. Baba ya ce maharbi ba ya dako a wuri ɗaya sau biyu a jere. Nama yana da hanci, yana da ƙwaƙwalwa, in ya shaƙi mutum a gindin bishiya yau, gobe ya san bishiyar. "Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi," ya ce, ya umarce ni in fassara har da kifin. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce wannan dabarar masu daji ce, inda ruwa yake ko'ina. A sahara ruwa ɗaya ne, dabba dole ta zo. Ka zauna wuri guda kullum har ta ɗauke ka dutse, mai yawan canja wuri shi ke tsorata ta.

Larabcina na ɗakin marasa lafiya ne, na "buɗe ido" da "ɗiga sau uku", ga shi an ɗora mini shari'ar farauta. Inda Baba ya ce, "Gaya masa wanda ya saba aika tsuntsu ya kamo masa nama bai san dako ba," sai na ce Baba yana yaba hikimar masu shaho. Dattijon ma da ya faɗi tasa mai zafi, na sanyaya ta kafin ta isa. Baba ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Uwata, maganarsa ta fi haka tsawo."

Zuwa na gaba aka bi ra'ayin Baba, saboda baƙo ne. Ya zaɓi bayan wani tudun yashi mai nisa da rumfar, ya jiƙa yatsa ya gwada iska, ya jera mu kamar 'yan makaranta. Iskar ta juya, ta cika mana kofunan shayi da rairayi. Maigidana ya yi barci a zaune. Barewa ba ta zo ba. Yadda dattijon yake ta miƙa wa Baba dabino yana cewa "tafaddal, ya Hajji", wato "bismillah, Alhaji", ya fi baƙar magana ciwo.  Da muka shiga gida Baba ya ce ƙasar nan iskarta ba ta da alƙibla, ya shige ɗaki.

Daga nan abin ya daina ba ni dariya. Ranar tafiyarsa ta matso, Juma'a ɗaya ta rage. Ina ganinsa da safe yana tsaye a taga yana kallon bangon maƙwabta, yana rufe ido ɗaya yana buɗe ɗaya. Bai taɓa ce mini na yi ƙarya ba, amma ya daina tambayar barewa, wannan kuwa ya fi damuna. Na kawo shawarar gidan namun daji. Ya ce shi bai zo gaida fursuna ba.

Juma'ar ƙarshe muka yi sammako, suka yi sallah a masallacin ƙauyen. Bayan an ci abinci na nemi tsofaffin biyu na rasa. Can na hango su wajen kwamin, kowa da sandarsa, sun sunkuya suna bin ƙasa. Na tashi zan je in yi aikina na tafinta, Baba ya ɗaga mini hannu in tsaya. Ina kallo wannan ya zana layi a yashi, wancan ya goge ya zana nasa, wannan ya nuna hanci, wancan ya nuna bishiya. Sai na ji dariyarsu ta tashi lokaci ɗaya, har dattijon yana dafa kafaɗar Baba.

Da suka dawo Baba ya yi mini bayani. Sawun barewa na nan, sabo. Suna zuwa har kusa, su tsaya inda iskar rumfar ke iso musu, su yi kwana su zagaye ta bayan dabinai. A can akwai bututun ban ruwa da ke yoyo, ya yi ɗan tafki. Ran da rumfa ba kowa, sukan sha a kwami. Ran da muka koma bayan tudu, ƙamshinmu ya zo musu daga inda ba su saba ba, suka fasa zuwa gaba ɗaya.

"Kin ga ni ke da gaskiya," in ji Baba, "sun gane rumfar."

Dattijon kuma ya ce in gaya masa shi ke da gaskiya, tunda ba su daina zuwa ruwan ba. Wannan karon na fassara kowa yadda ya faɗa.

"To yanzu sai mu koma wajen bututun," na ce.

"Mu biyu za mu koma," in ji Baba. "Ke rumfa za ki zauna, ke da ƙawarki. In ba su ji ƙamshin nan a inda suka saba jinsa ba, kwami za su nufa, ko su juya. Ki zauna yadda kika saba, ki yi hirarki."

Da aka kawo kaskon turare, Baba ya dafa ƙirji ya yi godiya, ya nuna ni, wato a ba 'yarsa rabonsa. Ta haka ya kauce wa hayaƙin ba tare da ya ƙi karamcin mai gida ba. Dattijon ya miƙa wa ƙawata kaskon, ta turara ni ta sake turarawa, har ina tari. Su kuwa suka tuɓe kayan Juma'a, suka ciro tsofaffin jallabiyoyi da ke rataye a garken raƙuma suka saka. Baba, mutumin da ba ya fita sai da guga, ya fito yana warin raƙumi yana washe baki.

Na zauna a rumfar nan raina a ɓace. Tun ina yarinya haka ake mini. Baba ya fita da yayyena da ƙannena maza, ni a bar ni da wanke tukunyar da za a dafa abin da suka kamo. Na yi kuka a zaure ba sau ɗaya ba. Yau ni na gano barewar, ni na kawo shi ƙasar, ni na ɗiga masa magani safe da yamma, kuma a ƙarshe an dasa ni a gona kamar mutum-mutumi. Na gaya wa ƙawata haka, ta yi ta dariya tana ƙara mini gahawa. Ta ce ita ma nata uban bai taɓa ba ta shaho ta riƙe ba. Muka yi ta zagin maza a hankali, muna cin dabino.

Daga rumfar ba a ganin tafkin, tudu ya tare. Abin da nake hangowa tsakanin dabinai shi ne bayan tsofaffi biyu a tsugune. Rana ta yi sanyi, inuwa ta miƙe. Ina cikin magana na ga bayan Baba ya sandare. A hankali ya kai hannu ya zare tabarau. Nas ɗin da ke cikina ta so ta yi ihu saboda ƙura, na danne ta. Ya daɗe a haka bai motsa ba. Sai na ga ya ɗaga hannun dama sannu sannu har daidai kafaɗa, kamar mai saita bindiga, ya tsaya, sannan ya sauke shi ya dafa ƙasa. Fushin nan na neme shi na rasa. Ban ga ko kunnen barewa ba, amma daɗin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa a ranakun da nake ganinsu ba.

Sun dawo gab da magariba suna tafiya kamar yara, kowa yana yi wa ɗan'uwansa bayani da harshen da ba ya ji. Idon Baba ya yi ja yana zubar da ruwa. Na kama fuskarsa ina dubawa ina faɗa, ya ture hannuna.

"Ba ƙura ba ce, Uwata. Uwa ce da 'ya'yanta, da wani namiji mai ƙaho yana gadi. Ta ɗago kai ta dube ni. Har gashin idonta na gani."

A mota ya karɓi wayata ya ce in kira masa babban yayanmu, in sa yadda kowa zai ji. Yaya ya ɗauka, ana jin hayaniyar gidan a bayansa, Baba ko gaisuwa bai tsaya ya gama ba.

"Ku tara yaran ku gaya musu na fita farauta yau," ya ce.

"Farauta kuma, Baba? Da wa?"

"Da ƙanwarka. Ita ta yi mini kora. Duk fitar da na yi da ku, ba wanda ya taɓa koro mini nama ya kawo shi gabana yadda ta yi, tana zaune ko tashi ba ta yi ba. Da an yi rabo yau, cinya tata ce."

Yaya yana dariya yana tambaya ko da me na yi korar. Baba ya ce wannan sirrin maharba ne, ba a faɗa wa wanda bai je ba. Maigidana ya dube ni ta madubi, na juya fuska wajen taga ina goge ido da gefen mayafi. Motar duk ta cika da humra da warin raƙumi, ba wanda ya ce a sauke gilashi har muka shiga gari.