Jirgin Mamudu da Matar da Ta Riƙe Birki

Azumin da ya wuce ne ya cika shekara tara da muka kai yayana Mamudu makwancinsa a Sokode. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba. Ni direban babbar mota ne, karatuna bai wuce na allo ba da ɗan abin da na tsinta a lakwal, makarantar boko, kafin a cire ni. Duk shekara idan lokacin ya zagayo, nakan yi masa sadaka in ja bakina. Bana shirun ya ƙi. Wanda maganata ta ɓata wa rai ya san gidana a unguwar Didaure, ya zo ya same ni.

Ko wanda bai san Mamudu ba, in dai ya girma a Sokode, ya san jirginsa. Jirgin wasa ne, ƙananan tarago a jere, suna gudu a kan dogon ƙarfe da aka kafa bisa ginshiƙai. Sarƙa takan ja shi sannu sannu har can sama, ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya sako kansa ƙasa, ya karkata, ya sake hawa. Hanjin mutum sai ya zo masa wuya. Idan ya gama zagaye, wanda ke ƙasa ne zai ja wani dogon ƙarfe, birki ke nan, ya tsayar da shi daidai inda ake sauka. In ka ja da wuri, jirgi ya maƙale a hanya. In ka makara, ya wuce da mutane.

Jirgin ya fi mu yawon duniya. Daga Turai aka kawo shi, tsoho, bayan 'ya'yan Turawa sun gaji da shi. Aka kafa shi a wani wurin wasa a Lome kusa da teku, har wurin ya mutu, iskar gishiri ta fara cin ƙarfen. A nan Mamudu ya gan shi wata rana da ya kai shanu kasuwa. Mu gidan fataucin shanu ne tun kakanni. Da mahaifinmu ya rasu aka raba dabbobi, kowa ya ƙara a garkensa, shi kuwa Mamudu ya sayar da nasa kaf ya sayi tsohon jirgi. Ni na ɗauko masa shi a motata gunduwa gunduwa, ina tuƙi ina zaginsa. Babban wanmu, Alhaji Salisu, ya daɗe bai amsa gaisuwarsa ba. A masallaci ana nuna shi da baki, wai ga wanda ya musanya shanu da lilo.

Shi ko a jikinsa. Ya samu wani fili a bakin unguwa, ya kankare tsatsa, ya shafa fenti, ya kafa. Yara suka cika wurin, na Zango da na Kotokoli da na ko'ina. Har nan babu wanda ya ce komai, tunda wasan yara ne.

Abin da ba su yafe masa ba daban ne. Wata Sallah, mahaifiyarmu, Inna, ta kawo jikoki, ta tsaya a bakin shinge tana kallo. Mamudu ya ji ta tana ce wa wata tsohuwa, "Mu dai an haife mu da wuri." Da Sallah ta sake zagayowa, sai ya sayo zana, ya kewaye filin duka, ya aika gida gida cewa washegarin Sallah ranar mata ce. Babu namiji ko ɗaya a ciki, har shi. Ya koya wa matarsa Hajara riƙe birki. Shi kuma ya ɗauki kujera ya zauna a waje kusa da injin wuta, ya ba zana baya, yana sauraro.

Na sha zama da shi a wurin. Abin da kunnuwana suka ji ba zan manta ba. Matan da a unguwa ba ka jin muryarsu sai in sun amsa sallama, su ne ke ihu suna salati suna dariya har da tari. Masu tuwo, masu ƙosai, matan alhazai, tsofaffi masu sanda. Inna ta hau sau biyu a rana guda, ta fito ɗankwali a hannu tana cewa ba za ta ƙara ba, badi kuma ita ce ta farko a layi. Mamudu yana zaune yana murmushi, wani lokaci ya ɗaga yatsa ya ce, "Ka ji? Hajara ta ja daidai."

Maza kuwa suka hau gunaguni. Wai muryar matan aure tana tashi har titi. Wai abin kunya ne. Alhaji Salisu ne kan gaba, alhali murya mafi ƙarfi da ke fitowa daga bayan zanar nan daga gidansa take. Ni na san ta, shi ma ya san ta.

Duk shekarun nan Hajara ba ta taɓa hawa ba. Ba tsoro ba ne. Ranar maza da yara ba za ta shiga ba, ranar mata kuwa ita ce a kan birki, kuma babu wata da ta iya. Duk shekara sai ta ce masa, "Malam, ni fa?" Shi kuma ya ce, "Badi zan koya wa wata, ki hau." Wannan laifinsa ne, kuma ba zan ɓoye ba don ya mutu. Mutum ne mai kirki, amma ya ɗauka badi a aljihunsa take.

Zazzaɓi ya kwantar da shi cikin azumi, bai ga Sallah ba. Hajara ta shiga takaba. Kowa ya san mai takaba ba ta fita, ba ta shiga taron maza, ba ta jayayya da kowa. Wannan suka jira. Ina kan hanyar Wagadugu da kaya, Alhaji Salisu ya tara waɗanda zai tara, aka ce ai jirgi ba ya rabuwa, sai an sayar a raba gado. To, na yarda, haka ne. Amma saurin me ake? Shanun mamaci nawa muka gani sun yi shekara a garke ana jiran magada su hallara? Jirgin nan ba ya cin ciyawa, ba ya shan ruwa. Abin da suke so shi ne kada wata Sallah ta zo a sake kafa zana. Suka samu mai saye daga Dapango, suka kira direban wani gari don sun san ni ba zan ɗauka ba. Hajara tana cikin ɗaki da carbi tana jin ƙarar guduma, tana jin ana loda ƙarfe a mota. Babu wanda ya leƙa ya ce mata ga abin da ake ciki. Na dawo na tarar da ramukan ginshiƙai kawai.

Yau filin shaguna ne, ana sayar da waya da caja. Nakan tsaya in tambayi kaina me Mamudu zai ce da ya gani. Ina jin ba shagunan ne za su dame shi ba. Abin da zai dame shi shi ne washegarin Sallah ta zo ta wuce a Didaure, mata suna wanke tukwane, babu abin da ke tashi sai hayaƙi. Kuma waɗanda suka kira abin nasa abin kunya, yau su ne ke kai jikokinsu Lome su hau irinsa, su ɗauki hoto su aiko mana a waya. Na ga hoton Alhaji da kansa, yana tsaye a bakin shinge yana washe baki. Allah ya ba mu haƙuri, ni dai nawa ya ƙare.

A Dapango, wanda ya saya wani Bamoba ne, ɗan ƙabilar can, mai bivet, wato gidan giya. Ya kafa jirgin a bayan wurinsa, ya sake masa fenti, ya sa kiɗa. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa yake. Duk lokacin da na bi da mota nakan hango kan jirgin daga titi in kau da kai. Bana, kafin azumi, na shiga. Na tarar fenti ya koɗe, tarago ɗaya an cire an ajiye kaji suna kwana a ciki. Mai wurin ya ce mutane ba sa fitowa kamar da, gyara ya fi ƙarfinsa, ya riga ya yi magana da masu sayen tsohon ƙarfe. Bayan Sallah za su zo su yanka.

Na gaya wa Hajara. Yanzu ta tsufa, gwiwa ta hana ta sakat. Tsakanina da ita akwai wasa, kamar kowane ƙanin miji da matar wansa, amma ranar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Sule, kai ni in gani." Na kai ta. Muka tsaya a ƙofar bivet da rana tsaka, maza a zaune da kwalabe, kiɗa na tashi, duk suka juyo suna kallon tsohuwa da hijabi. Ta daɗe tana kallon jirgin ta gilashin mota. Hannunta na dama yana kan cinyarta, na ga ya dunƙule kamar mai riƙe wani abu. Sannan ta ce, "Mai da ni gida." Ni kuwa ina tuƙi ina jin kamar in juya motar in nufi gidan Alhaji kai tsaye.

Ban je ba. Cikin azumi na koma Dapango na zauna da mai bivet. Na ba shi labarin zana, ya yi ta dariya, ya ɗauka zolaya ce. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Madam, tana jera kwalabe tana ji. Ita ce ta ajiye abin da ke hannunta ta ce masa wani abu da yarensu, dariyar ta tsaya. Ya ce washegarin Sallah zai rufe bivet har la'asar, ya bar wa mata wurin, zai shafa wa sarƙa mai, ya gwada jirgin da kansa. Baƙo ke nan, wanda ba addini ɗaya muke ba, bai taɓa ganin Mamudu ba. Na faɗa ne don 'yan'uwana su ji.

Washegarin Sallah na ari bas wajen wani abokin aikina, na ɗaure zana a sama. Hajara kaɗai na gaya wa. Da na fito bayan asuba, bas ta cika. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma Alhaji Salisu ya tambayi gidansa wace unguwa aka je ranar.

Ni da mai wurin muka kafa zana, muka fita. Na ja kujera kusa da injin wuta, na ba zana baya. Daga nan ban ga komai ba, ji kawai na yi. Na ji sarƙa ta fara ja. Na ji ihun farko, da salati, da wata tana kiran sunan uwarta da ta daɗe da rasuwa. Na ji birki ya kama daidai, ban buƙaci a gaya mini hannun wa ba ne. Sannan na ji Hajara tana koya wa Madam, tana faɗa tana maimaitawa, an saki jirgi babu kowa a ciki, an tsayar, an sake. Can Madam ta ɗaga murya, "Hajiya, ya isa! Shiga, ni na riƙe."

Sarƙa ta ja. Na kasa kunne in ji ihunta, ban ji ba. Jirgi ya sako, ya karkata, ya sake hawa, wasu na ihu, ita shiru. Na ce ko tsohuwa ta suma. Sai da ya nufo wurin sauka na ji muryarta ta keta ta kowa: "Kada ki ja! Madam, kada ki ja! Bar shi ya ƙara!"

Kuma aka bar shi ya ƙara. A zagaye na biyu ne na ji dariyarta. Shekara tara rabona da ita. Mai bivet ya dube ni, ya tashi ya ba ni wuri, don bai kamata namiji ya ga ɗan'uwansa a yadda nake ba.

Da za mu tafi, mai bivet ya ce zai kwance ƙarfen birkin ya ba Hajara ta ajiye. Ta ce, "A'a, ɗana. Na riƙe shi ya isa." A cikin bas ta dungure ni a ƙeya ta ce, "Kai direban banza, ashe daga sama ana hango har bayan gari. Yayanka bai taɓa gaya mini ba."

Masu ƙarfe sun zo, sun yanka. Na wuce makon jiya, babu komai sai ramuka, irin waɗanda na tarar a Sokode. Jirgin da ya tsallake teku, ya zauna a Lome, ya yi zamaninsa a wurinmu, ya ƙare a kan sikeli. Mamudu bai bar gida mai bene ba, bai bar garke ba, sunansa ba ya jikin komai. Abin da ya bari yana bakin matan Didaure. Ka zauna kusa da inda suke tsintar shinkafa, ka ji wata ta ce "ranar zana", ka ga yadda sauran za su sunkuyar da kai suna dariya. Wannan ba a raba shi a gado ba, don Alhaji bai san yadda zai sayar da shi ba.

Allah ya jiƙan Mamudu, ya yafe masa badin da ya yi ta ɗagawa. Waɗanda suka loda ƙarfe mace tana takaba kuwa, ban ce na yafe ba, kuma ba ni aka yi wa ba. Hajara tana nan a ɗakinta. Ƙofar a buɗe take, har yau ba wanda ya leƙa.