Tayoyin Ƙanƙara a Tsakiyar Bazara

Shekarun baya, lokacin da ake kwana a layin gidan mai, gero kuma ya fi ƙarfin mai iyali, ina tuƙa wata tsohuwar akori-kura a ƙauyenmu da ke bayan Shanono. Gyaɗa da dawa nake kwasa daga kasuwannin ƙauye zuwa birni. A lokacin ina jin kaina direba na gaske, hannu a kan taga, hula a karkace, alhali rabin abin da na sani game da mota a bakin mutane na tsince shi a tasha.

A shekarun nan sabuwar taya sai dai ka gan ta a shago ka yi gaba. Kowa gwanjo yake saya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai. A cikinsu akwai wasu masu manyan haƙora, robarsu da laushi, da ɗan zanen ƙanƙara a gefe. Don ƙasashen sanyi aka yi su. Da damina, in hanyarmu ta burji ta koma kunu, babu kamarsu wajen kama ƙasa. Amma da zarar bazara ta kankama, kwalta ta ɗauki zafi, sai su fara lalacewa: wata ta kumbura, wata ta fashe ba sallama.

Wanda ya fahimtar da ni wannan maƙwabcina ne, aminin marigayi mahaifina. Baba nake kiransa, mahaifiyata kuma Malam. Yana da ƙaramar motar fasinja, ita ce cinsa, ita ce shan iyalinsa. Tayoyinta duka irin na ƙanƙarar ne, don su ya samu daidai ƙarfinsa a daminar da ta wuce. Shi ya sa da bazara yake fita daga idar da sallar asuba, kafin rana ta ɗaga ya isa birni, ya ajiye motar a inuwa, ba zai juyo ba sai la'asar ta yi sanyi. Samarin tasha har tsokanarsa suke yi, wai direban sanyin safiya.

Wata rana na ce da shi, "Baba, kai da ka san halin tayoyin nan, me ya hana ka canza su?"

Ya yi murmushi ya ce, "Mai riga ɗaya ba ya zaɓe, yaro. Lallaɓawa yake yi."

A bazarar wannan shekarar sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu. Motata kuwa tana kan duwatsu a ƙofar gida, an cire giyabos an kai wa bakanike. Wata safiya 'yata ta fari, wadda ko makarantar allo ba ta daɗe da farawa ba, ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai. Kafin hantsi wuyanta ya sanƙare. Muka kai ta ɗakin shan magani na kusa da mu, ma'aikacin ya duba ta, ya ce ba su da allurar, mu nufi birni yanzu yanzu, kada mu jira yamma.

Duk motocin garin sun fita tun da safe. Ta Baba ce kaɗai ta rage, don ranar bai fita ba, yana gyaran rufin rumbunsa. Na tsaya a ƙofar gidansa na kasa yin sallama. Na san abin da zan roƙa, na kuma san abin da zai ci masa. Rana ta take tsaka, ƙasa ko takuwa ba ta yi. Shi ya hango ni daga saman rumbun. Na yi masa bayani. Ya sauko, ya wanke hannu, ya zaga motar yana dafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi musu magana, sannan ya ce, "Ku ɗauko ta."

Matata tana jego, don haka mahaifiyata ce ta shiga baya ta rungume yarinyar, da jiƙaƙƙen zane a kanta. Ni na zauna gaba.

A kan burji ba mu sami matsala ba. Da muka hau kwalta sai Baba ya rage gudu. Titi fetal, babu mota gaba babu baya, zafi yana tashi daga kwaltar kamar ruwa na rawa, mu kuwa muna tafiya kamar masu rakiyar amarya. Yarinyar tana wani irin nishi da har yau ban manta shi ba. Na daure, na daure, na kasa.

"Baba, don Allah ka ba ta wuta."

"In na ba ta wuta, asibitin za mu je, amma mu huɗu za a kwantar," in ji shi, idonsa a kan hanya.

Can gaba ya sauka daga titi ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya. Na ɗauka lalacewa motar ta yi. Ya fita ya ɗora bayan hannunsa a kan tayar gaba, ya janye da sauri. Na fizgo jarkar ruwa zan kwara mata, ya riƙe hannuna.

"Kar ka kwara mata ruwa tana wannan zafin. Bar ta ta sha inuwa."

Jama'a, ban taɓa yin tsayuwa mai nauyin wannan ba. 'Yarka tana mutuwa a cikin mota, kai kana tsaye kana jiran roba ta huce. Na yi ta zagaye bishiyar nan kamar an ɗaure ni a jikinta. Mahaifiyata ta leƙo ta taga ta ce, "Zo ka zauna. Malam ya fi ka son mu isa." Daga nan ta ci gaba da karanta abin da take karantawa a kan yarinyar.

Haka muka yi ta yi, tafiya kaɗan, inuwa kaɗan. Bayan mun wuce Rimin Gado, muna hango mararrabar Tofa, sai muka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tayar gaba ta dama ce. Motar ta fizga gefe, mahaifiyata ta yi salati da ƙarfi. Baba bai taka birki ba. Ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi, ya bar motar tana rage gudu da kanta har ta gangara ta tsaya a bakin wata gona. Da gudun da nake roƙo muke yi, Allah kaɗai ya san inda za a tsince mu.

Muka sa safaya, wadda ita ma ta suɗe kamar tafin hannu. Ƙarfen jak ɗin ya ƙona ni ban ma ji ba sai daga baya. Da ita muka lallaɓa muka shiga birni.

A asibiti suka karɓe ta da gaggawa. Da na fito neman Baba don in yi masa godiya, na tarar da shi tsugune a gefen motar. Tayoyi biyu sun kumbura a gefe, ɗayar kuma haƙoranta sun zube, waya ta leƙo. Ya ɗago ya tambaye ni, "Sun yi mata allurar?" Na ce sun yi. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya miƙe ya tafi neman ruwan alwala.

'Yata ta rayu, sai dai ciwon ya tafi da kunnenta na hagu. Motar Baba kuwa da ƙyar ta kai shi gida a ranar, kuma daga nan ba ta sake hawa titi ba. Na so in cire tayoyin tawa in ba shi, girmansu ba ɗaya ba ne. Na ci alwashin in kaka ta yi zan nemo masa wasu. Kafin kakar ta zo hatsin gidansa ya ƙare, ya sayar da motar ga masu kayan gyara, ya koma gona gaba ɗaya. Da na je masa da maganar, idona ya cika, sai ya katse ni ya ce, "Gwiwata ma ta gaji da kuloci. Je ka gaishe mini da mutuniyar." Har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba, ko da wasa.

Yanzu in zan sayi taya nakan duba gefenta, in tambayi kaina wace ƙasa aka yi wa ita, wane yanayi kuma zan taka da ita. Nakan faɗa wa matasan direbobi haka. Amma ba na saurin zagin wanda na gani da tayar da ba ta dace ba, don na ga mutumin da ya fi kowa sanin haɗarinta, rashi ne ya ɗora shi a kanta, ya kuma san abin da zai rasa tun kafin ya kunna motar.

Yarinyar nan yanzu tana ɗakin mijinta. Da ta haifi na fari, namiji, ta roƙi mijin a sa masa sunan Baba. Ba ta taɓa furta sunan ba, ga kunyar ɗan fari, ga girman mai sunan. In tana nemansa a tsakar gida, sai dai ka ji ta ce, "Ina Babana ya shiga?"

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa.