Zira Uku a Jikin Bango

Da safen ranar nan faɗa muka yi da mijina Zira a kan butar shayi. Ya bar ta a wuta har ta ƙone. Ni kuwa bakina ba ya shiru, na wanke shi tas. Ya yi dariya, ya hau keke ya nufi injin niƙansa a bakin kasuwa. Ƙarfe bakwai ke nan. Ko "a dawo lafiya" ban ce masa ba.

Tara da 'yan mintuna ƙasa ta girgiza. Kwanukana suka zube. Sai harbi, ba tsayawa. Wani ya bi layinmu na unguwar Kolere yana ihu: "'Yan bindiga sun shigo! Ku fita!"

Na goya 'yarmu Kuve. Na tsaya bakin ƙofa ina duban hanyar keke. Maƙwabciyata ta fizgi hannuna. "Mu je!"

Muka tsallake rafi, ruwa iya gwiwa. Rana tsaka mun kai yankin Gude, takalmina ɗaya. Kwana uku muka yi a duwatsu muna cin ɗanyar gyaɗar gonakin mutane. Duk wanda ya iso sai na tambaye shi ko ya ga Zira. Sai ya ce, wane Zira? Mu mutanen Michika, duk namijin da ya zo na biyu a ɗakin uwarsa, Zira ne sunansa.

Ban ga gawarsa ba. Har yau in na ji ƙararrawar keke sai na waiga.

Bana cocinmu ya gina bangon tunawa da waɗanda aka kashe. Waɗanda suka binne mutane a lokacin, cikin sauri suka yi, sunan da aka ji kawai suka riƙe, babu sunan uba. Ran Lahadi bayan sujada na je. Na bi sunayen da yatsa har ƙasa. Zira. Zira. Zira. Uku a jere.

Raina ya ɓaci sosai. Na zo ne in san ko ya mutu, in daina waige.

Wata tsohuwa na tsaye, tafinta a kan na farko. Na ce, "Mama, naki ne?"

Ta ce, "Ban sani ba, 'yata. Mu biyar ne muke zuwa wajen ukun nan."

Na ɗora hannu a kan na tsakiya. Simintin da zafi. A hankali na ce masa, a dawo lafiya.

Da ni, mun zama shida.