Hular da Ta Dawo Ita Kaɗai

Ni dai ɗinkin hula aka koya mini tun ina yarinya, haƙuri kuwa ba a samu wanda ya iya koya mini shi ba. Kakanninmu daga Barno suka zo Mubi da fatauci, kuma a gidajenmu na Sabon Layi mace ba ta zaman banza, ko allura a hannu ko muciya. Kowace mai ɗinki da irin hannunta. In ka ɗora hula goma a faifai, matan unguwa za su gaya maka mai kowace ɗaya ba tare da sun yi gardama ba. Maigidana shi ke kwasar hulunan da muka ɗinka ya kai kasuwannin nesa, ya saro atamfa ya dawo. Wadda ke kansa kuwa ba ta sayarwa ba ce. Wata uku na yi a kanta, da zare ruwan toka da shuɗi.

Shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, hanyar Kudu ta buɗe, sai ya ce zai gwada can. Ya hau babbar mota zuwa Jos, daga nan zai shiga jirgin ƙasa. Bai cika mako biyu da tafiya ba, ina tankaɗe da hantsi, na ji rediyon maƙwabta ta katanga tana cewa jirgin ƙasa ya kauce daga layi ya faɗa wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, mutane da yawa sun rasu, ƙasa duka tana makoki. Mai karanta labarin ya yi ta yaba wa leburorin layin dogo da sojoji da ma'aikatan asibiti da manoman ƙauyukan wurin, waɗanda ke sauka ramin da igiya suna fito da mutane. Sunan kowa bai faɗa ba. Na ajiye rariya, na lissafa kwanaki a yatsa, na sake lissafawa, lissafin ya ƙi canjawa.

Daga ranar zama ya gagare ni. In na ɗauki allura sai na soke yatsa, in na ɗora tukunya sai ta kama. Na shiga ɗaki, na fito, na leƙa zaure, na koma, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Kowace safiya sai in yafa mayafi in nufi tasha, ina bin motocin da suka kwana a hanya ina tambayar direbobi. Wan mijina, wanda muke ce wa Yaya, ya tare ni a zaure ya ce matar aure ba ta yawon tasha, me mutane za su ce. Na ce masa mutanen su ce, in sun gama cewa su kawo mini labarin ƙaninsa. Rashin kunya ce, na sani, amma ban janye ba.

Uwar mijina, Inna, ita ba ta cewa komai sai abu ɗaya. Inna Bafillatana ce, kuma tana da tsohon miki. Lokacin ƙuri'ar raba gardama ta biyu, wadda aka bar mu mata muka jefa, tare muka je da ita. Ni na zaɓi mu zauna da Nijeriya, don can kasuwarmu take da danginmu na Barno. Ita ta zaɓi Kamaru, don ƙanwarta da kabarin ubanta suna bayan duwatsun can. Namu ya yi rinjaye, iyaka ta raba ta da 'yan'uwanta, ba ta kuwa yafe ba. Shekara tara ba ta taɓa cewa ƙasarmu ba, kullum ƙasarku. In gishiri ya yi tsada, ƙasarku. In an yi fari, ƙasarku. Yanzu kuwa tana zaune bakin ƙofarta da carbi, in na wuce sai ta ce a hankali, ga shi nan, jirgin ƙasarku ya cinye mata ɗa. Ina jin maganar har cikin ƙashina, don ni ma na fara tambayar kaina abin da na zaɓo mana.

Ranar wata Laraba, bayan azahar, sai ga mata uku na unguwa sun yi sallama, fuskokinsu ba daɗi. Babbarsu ta kwance bakin zane ta fito da hula. Wani direba ne ya zo da ita tasha, ya ce an ba shi a Biu, wai hular wani ce da jirgi ya faɗi da shi, ɗinkin Mubi ne, a nemi gidansu. Aka yi ta yawo da ita gida gida, daga unguwar Lokuwa har Sabon Layi, sai da ta faɗa hannun wadda ta san hannuna. Ban buƙaci a juya mini ita ba. Tun tana cikin zanen na ga shuɗin zaren.

To, a wurinmu fatake akwai al'ada. In mutum ya rasu a hanya aka binne shi can, abokan tafiya su ke kawo kayansa gida, hula a sama. Hula ta shigo gida ba kai a cikinta, magana ta ƙare. Kafin la'asar Yaya ya sa an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, an aika wa liman, maza sun fara taruwa. A cikin gida kuwa tsofaffi suka kewaye ni, za a cire mini 'yan kunne, a tsefe mini kai, in shiga takaba. Takaba wata huɗu ce da kwana goma, ba fita ko nan da zaure. Na san in na bari aka taɓa kaina, shi ke nan, ba mai sake zuwa tasha, ba mai sake tambaya. In yana can kwance da sauran numfashi, mu da kanmu mun binne shi.

Na ce su ba ni hular tukuna. Na koma gefen rijiya inda haske yake, na juya ta ciki da waje. Idon mai ɗinki bai bar aikinsa ba. An wanke ta da sabulu, tabon jinin saura inuwarsa kawai. An kuma shanya ta a kan wani abu mai zagaye, gwangwani ko ƙwarya, don ba ta lotse ba. A gefe guda, inda ta yage kamar tsawon ɗan yatsa, wani ya ɗinke ta da baƙin zare, ɗinkin namiji, manya manyan taku kamar ana ɗinkin buhu. Sannan ina rigarsa? Ina takalmi, ina carbi, ina laya? Kayan mamaci tare suke zuwa.

Na ratsa tsofaffin na durƙusa gaban Inna, na kama hannunta na ɗora yatsunta a kan baƙin zaren, don idonta ya yi rauni.

"Inna, ki taɓa nan. Wa zai zauna ya ɗinke hular wanda ya riga ya binne? Wanda ya aiko ta nemanmu yake yi."

Wata tsohuwa ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, a yi mini addu'a. Yaya ya leƙo ya ce mutane na jira a waje. Inna ta daɗe tana shafa ɗinkin, sama da ƙasa. Can ta ɗaga kai.

"Kada wanda ya taɓa mata kai. A naɗe tabarmin nan. Gobe ni da ita za mu bi hular nan inda ta fito."

Yaya ya so ya yi magana, ta dube shi sau ɗaya, ya haɗiye. Da safe shi ma ya biyo mu, yana ta ƙunƙuni, amma shi ya ɗauki ƙullin kayanmu.

Tafiyar nan ba zan manta ta ba. Muna bayan babbar mota a kan buhunan gyaɗa, Inna na amai, ni ina jin kamar in sauka in tura motar. A Biu muka sami direban da ya miƙa hular, ya ce shi a Gombe aka ba shi, abin da aka gaya masa ke nan, ta mutumin jirgi ce. A Gombe muka kwana biyu muna jiran na gabansa. Da ya zo ya sosa ƙeya, ya ce kamar dai an ambaci asibiti, amma shi bai riƙe ba, ga lodi ga fasinja. Allah ya sa Inna ta riƙe mini zane, da na faɗa masa abin da zai kai gida. Ashe saƙon da cikarsa ya taso, kowane direba ya zubar da kaɗan a hanya, mu kuma muna bi muna tsincewa. A tashar Jos muka sami na farkon, wani dattijo mai furfura. Yana ganin hular ya miƙe tsaye. Ya ce wani leburan layin dogo ne ya ba shi, ya kuma maimaita masa har sau uku: mai hular yana da rai, yana asibiti, bakinsa ya rufe, ba a san sunansa ba, a gaya wa mutanen Mubi su zo.

Na zauna a ƙasa cikin baƙin man mota na yi kukan da ban yi ba tun ranar rediyo.

Mun same shi a wani dogon ɗaki mai warin magani, gadaje jere har bango. Ya rame, an aske masa kai an naɗe, ƙafarsa ta hagu an yanke daga gwiwa. A allon da ke kan gadonsa ba suna, lamba ce kawai. Ya dube ni ya dubi Inna, leɓunansa suka motsa, murya ba ta fito ba. Sai bayan wata biyu ta dawo masa. Inna, da kunyar Fulani ba ta bari ta taɓa ɗanta a gaban mutane, ta zauna bakin gadon ta riƙe babban yatsan ƙafar da ta rage.

Wata nas, 'yar Kudu mai Hausa a karye, ita ta ba mu labari. Ta ce leburan nan shi ya sauka ramin da igiya a ƙugu, ya ciro maigidana daga ƙarƙashin ƙarfe, ya goyo shi a baya ya hau da shi, ya ajiye, ya sake komawa. Yini biyu yana sauka yana hawa, har tafin hannunsa ya sale. Da aka kwashe mutane ya biyo su asibiti, ya ga wannan ba mai zuwa wurinsa. Shi leburan ya taɓa aikin hanya a wajen Mubi, ya san ɗinkinmu. Bai iya rubutu ba, sai ya wanke hular, ya roƙi zare a wurinta ya ɗinke, ya kai tasha da kansa. Kowace Lahadi yana zuwa ya tambaya ko mutanen Mubi sun iso. Makon da ya wuce aka ɗauke ƙungiyarsu zuwa wani yanki na layin, ba ta san ina ba.

A wurinmu ko gyaɗa mutum ya taya ka cira, washegari sai ka taka har gidansa ka yi masa ban gajiya. Wannan kuwa ya goyo mana rai daga rami, ga mu tsaye ba ƙofar da za mu yi wa sallama. Na tambayi sunansa, nas ta ce ba ta sani ba. Inna ta sa na tambaye ta wane yare ne, Musulmi ne ko Kirista. Nas ta ɗaga kafaɗa, ta ce ranar ba wanda ya tambayi wani, ɗan ƙasa ne dai. Na juya wa Inna maganar da Fillanci. 

Muka dawo da shi Mubi a kan katifa a bayan mota. Tabarmin da aka naɗe aka sake shimfiɗawa, wannan karon na 'yan barka. Ni kuwa zama bai dawo mini ba. Ina ba shi kunu ina tunanin hannun da ya sale. In na ji yaran makaranta suna rera taken ƙasa da safe sai in tsaya da tsintsiya a hannu, abin da ban taɓa yi ba ko ranar da na jefa ƙuri'a. A ƙarshe na sayi zare na fara hula, ban san girman kan mai ita ba, na yi ta daidai na maigida. Wata huɗu ta ci, da 'yan kwanaki.

Ranar da na gama, Inna ta ce ita za ta kai tasha. Ta dogara sandarta muka tafi. Ta sa aka nemo mata direban Jos, ta ce ya ba dattijon nan mai furfura, shi kuma ya ba leburan in ya gan shi, in bai gan shi ba ya ba duk leburan layin dogo da ya tarar da shebur a hannu. Direban ya karɓa zai jefa a aljihu, ta riƙe masa hannun riga. Ta ce ba ta gama ba, akwai saƙo, kuma sai ya maimaita mata shi sau uku kafin ta sake shi, don ta ga yadda direbobi ke yi da saƙo.

"Ka ce masa uwarsa ta Mubi ta ce sannu da aiki. Ka ce ɗan'uwansa ya fara magana. Ka ce in ƙasarmu tana da irinsa ko goma, ta ishe ni."

Direban ya maimaita sau uku, yana dariya a na farko, a na uku ba ya yi. Muna tsaye har motar ta fita daga tasha. Ko hular ta isa, har yau ban sani ba.