Kunnen Hagun Maccido Mai Kaset

Shekara tara shagon ɗinkina na jikin na Maccido a bakin kasuwar Illela, kuma ban taɓa ganin mutum mai taurin kai irinsa ba. Sana'arsa kwafar kaset. Yana da wata ƙatuwar rakoda da ya saya hannun wani Bature da zai bar Birnin Konni, tare da hedifon ɗinta, abin nan da ake kifawa a kunnuwa. Da shi yake tantance kowane kaset kafin ya ba mai shi, shi ya sa direbobi har daga Sakkwato suke nemansa. Kana iya aron babur ɗinsa, amma hedifon ɗin nan ko ɗan uwansa bai isa ya taɓa ba.

Da daminar 1986 na ga mutumina ya sauya. Ba raha, ba faɗa, in ka yi magana sai ya karkato maka kunnen dama. Na matsa masa, da ƙyar ya faɗa mini cewa kunnensa na hagu mutuwa yake yi: in ya kifa hedifon, ɓangaren nan sai shuu, wata rana ma shiru. Mahaifinsa yana ɗan arba'in da 'yan kai ya kurmance, shi ma ga shi ya kai shekarun. Na ce ya je asibiti, ya ce ai gado ba ya magani. Man shanu da miski da ruwan tafarnuwa kuwa babu wanda bai ɗiga ba, har kunnen ya soma ƙaiƙayi, tsoron ya ƙaru. Wallahi ya ba ni haushi, ya kuma ba ni tausayi.

Daga ƙarshe ya ce ba zai riƙa ba mutane kaset ɗin da bai ji da kyau ba, gara ya bar sana'ar. Ya yi alkawarin sayar wa wani Dabo na Amarawa rakodar, na taya shi ɗaukarta zuwa gida don ya goge ta.

Muka tarar da yayarsa Hadijatu ta zo ganin gida, ita kuwa ba ta shakkar kowa. Ta ce tun da abin zai tafi, sai ta ji abin da ƙanenta yake ɓoyo shekara da shekaru. Kafin ya buɗe baki ta kunna rakodar, ta kifa hedifon bisa ɗankwalinta. Ta saurara kaɗan, ta yamutsa fuska.

"Maccido, mi ya samu wanga gefe? Ba shi magana."

Ya tambaye ta wane gefen, ta dafa hagu. Na karɓa na saurara, ni ma hagu shiru. Maccido ya zaro fulogin da ke bakin wayar hedifon. Ashe na asalin ne ya karye bara, ya sa wani na banza irin na masu talla a tire, ruwan damina ya sa ya yi kore shar da tsatsa. Wata uku mutum yana makokin kunnensa a kan ƙarfen da bai kai ɗan yatsa ba!

A ranar ya aika wa Dabo haƙuri, ya hau babur sai Konni, ya shiga shago huɗu kafin ya sami fulogi mai ruwan zinari da ba ya tsatsa. Ya zauna ya yi masa dalma a natse, ya kunna, ya daɗe idonsa a rufe.

Sai ya cire hedifon, ya toshe kunnen dama da yatsa, ya juyo mini na hagu ya ce in yi magana a hankali.

Na raɗa masa, "Kai dai wawa ne."

Ya yi dariya har da hawaye.

"Na jiya, Tela. Wallahi na jiya. Ƙara faɗi."